Ranar da Odessa Ta Ajiye Ludayi

Shekara goma sha tara Odessa Pruitt tana girki a kicin ɗin jami'ar, sau uku kuma tana zuwa bitar nan ba ta samu takardar shaida ba. Bitar kan daidaito ce da tafiya da kowa, dole ce ga duk ma'aikaci, daga shugaban tsangaya har mai yankan ciyawa. Sai dai an saba haɗa darasin ƙarshe da abincin rana, don kada a ci wa farfesoshi lokaci. Abincin kuwa su Odessa ke rabawa. Sha ɗaya da rabi na yi sai su sulale ta ƙofar baya su sa rigar girki. Kafin su gama kwashe faranti, takardar sa hannu ta zagaya ta koma jaka.

Bana abin ya zo da magana. Shugabar kicin za ta yi ritaya, jibi Juma'a za a rufe karɓar takardun masu neman kujerar, layi na huɗu a fom ɗin kuma ya ce sai mai shaidar bita.

Ranar darasin ƙarshe, Odessa na zaune a layin baya da Wendell mai wanke-wanke da Graciela mai gashin burodi. A gaba Kendra Whitlock, matashiyar da ke koyarwar, ta haska tambaya a allo: Wa ba ya cikin ɗakin nan? Kowa ya duƙufa yana rubutu a 'yar takarda rawaya.

Wendell ya nuna agogo da haɓa. "Yaya, nan da minti biyar mu ne amsar."

Suka fita, suka turo keken abinci: tukunya biyu na miyar wake da nama, burodin masara, salak. Odessa ta jera komai yadda ta saba, ta tsoma ludayi a tukunya. Sai ta cire rigar girkin, ta ninke ta, ta koma kujerarta ta zauna. Graciela ta dubi Wendell, Wendell ya dubi silin. Can suka biyo ta.

Layi ya riga ya haɗu. A gaba Farfesa Halvorsen ne na sashen sinadarai, wanda take zuba wa abinci tun yana da gashi. Ya tsaya riƙe da faranti.

"Mis Odessa, lafiya? Ko gwiwar ce?"

"Gwiwa kalau, Farfesa. Bita nake."

Kendra ta taho da sauri, ta sunkuya kusa da ita. "Mis Odessa, an ce mini kicin ne za su raba."

"Haka ake yi, 'yata. Shi ya sa sunana bai taɓa hawa takardarki ba. Duba ki gani."

Kendra ta buɗe jakarta ta bi sunayen bara da yatsa, ta koma na bara waccan. Kunnuwanta suka yi ja.

"Na ɗauka ba ku zuwa ne."

"Muna zuwa mana. Bara wa ya miƙa miki burodi?"

Odessa ta san ƙin aiki abu ne da ake rubuta wa mutum a fayil, mai neman kujera irinta kuwa ba ya son tabo. Wani shugaban tsangaya ya dubi agogonsa, ya ajiye faranti ya fita, mutum biyu suka bi shi.

Halvorsen ya daɗe yana kallon tukunyar. Sannan ya nannaɗe hannun riga, ya zagaya bayan tebur ya ɗauki ludayin.

"Farfesa, doka ta ce a rufe gashi," in ji Wendell. "Amma kai Allah ya hutar da kai."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Odessa ta so ta yi shiru, ta kasa. "Daga ƙasa za ka ɗebo, naman yana ƙasa. Shekara talatin kana gauraya ruwan kwalba, miya ta gagare ka?"

Hannunsa ya yi nauyi, kowane faranti sai ya cika shi. Miyar ta ƙare saura mutum takwas a layi, har da Kendra. Da burodi da salak ta koma gaban allo, ta ci gaba da darasi.

Odessa ta saurara har ƙarshe. Sau biyu ta ɗaga hannu, sau ɗaya ma ta ja da wani malamin shari'a, bai kuwa ci ta ba. Da takardar ta iso layin baya, ta goge hannu a siket, ta rubuta sunanta cikakke, Odessa Mae Pruitt, ta miƙa wa Graciela.

Ana watsewa Kendra ta kawo musu shaidar su uku, da ɗumin injin bugawa a jikin takardun.

"Baɗi ƙarfe nawa zan sa darasin ƙarshe?" ta tambayi Odessa.

"Biyu da rabi. Lokacin mun wanke tukwane."

Wendell ya fara harhaɗa faranti. "Yaya, tukwanen yau fa?"

"Jiƙa su," ta ce. Ta zaro fom ɗinta daga aljihu, ta haɗa da shaidar, ta nufi ofishin ma'aikata ta ƙofar gaba.