Yak ɗin da suruki ya aiko

Kwana uku ke nan Da Futi ta kasa zama wuri guda. In ta ɗora shayi, kafin ya tafasa ta fito ta hau katangar duwatsu tana leƙen hanyar da ta biyo bakin kogi. In ba ta hango kowa ba sai ta sauko ta shiga garke, ta durƙusa gaban 'yar maraƙar, ta tsoma yatsa a ruwan garin sha'ir ta sa mata a baki. Maraƙar ta tsotsa sau biyu ta kau da kai.

Damisar dutse ce ta kashe uwarta da rana tsaka a gangaren bayan ƙauye. Ita kaɗai ce mai nono da ta rage wa Da Futi. Sauran biyun tsofaffi ne, sun ƙafe tun bara. Maraƙar kuwa kwananta tara a duniya.

Ranar da abin ya faru, Da Futi ta hau tudun da waya ke kamawa ta kira 'yarta a Katmandu, babban birnin ƙasarsu. 'Yar tana wurin aiki, sai mijinta Tikaram ya ɗauka. Shi mutumin can ƙasan duwatsu ne, inda ake noman shinkafa, yaron kirki mai son ya faranta wa surukarsa rai. Iska na kaɗawa, magana na yayyankewa.

"Inna, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Yak ko? Ina da mutum a kasuwar Namce. Wanda ya fi kowanne za a kawo miki."

"Nak na ce maka, ɗan nan. Nak!"

"Na ji, Inna, yak."

Waya ta katse. Ta ƙara kira har sau shida ba ta shiga ba, washegari kuma hazo ya rufe tudun.

Abin da ke cin ranta ke nan. A wurin mutanen ƙasan duwatsu da baƙi masu hawan duwatsu, duk dabbar da gashinta ke jan ƙasa sunanta yak. Su shiga masauki su ce a ba su nonon yak, a ba su cukwin yak, mata su juya baya suna danne dariya. A nan kuwa ko yarinyar goye ta san yak namiji ne, macen ita ce nak. Da Futi ta yi ta gaya wa kanta cewa ai 'yarta za ta gyara masa. Sai ta tuna Tikaram mutum ne mai son yin abin bazata, ta sake hawa katanga.

A hantsin rana ta huɗu ta ji ƙararrawa. Ba ta tsaya ɗaura gyale ba ta gangara. Lakpa Nuru ne, mai koro dabbobi daga kasuwa, yana janye da igiya. Tun daga nesa ta ga faɗin ƙirjin abin da ke bayansa da kaurin ƙahonsa, ta gane namiji ne. Baƙi ne wuluk, da farar jela, an ɗaura masa jan zare a kunne.

"Yaya, ga saƙon surukinki," in ji Lakpa Nuru, yana ƙoƙarin haɗe fuska. "Kawo ƙwarya mu gani ko zai cika ta."

"Kai ma ba ka da hankali ne? Shi bai sani ba, kai fa?"

"Haba Yaya. Ya ce yak, na ce yak fa? Ya ce yak, babba. Na ɗauka dakon kaya za ki fara. Wa ya gaya mini damisa ta yi miki ɓarna?"

Ta ja shi garke ta nuna masa. Dariyar ta ɓace masa. Ya ɗaga fatar wuyan maraƙar, ta tsaya a tattare ba ta koma ba.

"Komawa Namce kwana biyu ne, dawowa biyu. Ba za ta kai ba." Ya nuna wajen kogi. "A ƙetaren kogi akwai wadda nak ɗinta ta haifi matacce makon jiya."

Da Futi ta san wa yake nufi. Ang Doma ce, wadda suka tashi tare suna tsinto kashin shanu don hura wuta. Shekara biyu ke nan ba sa magana. A wani biki ne mijin Ang Doma ya kafe a kan maganar iyakar fadamar ciyawa, Da Futi ta ce masa tsohon yak a gaban jama'a, aka kwashe da dariya. Kalma ce da ake jefa wa duk mai taurin kai, ba wanda ke riƙe ta. Sai dai kafin wata ya cika mutumin ya mutu, ita kuma matarsa ta riƙe.

Da Futi ta zagaya garken sau biyu. Ta ɗauki igiya ta ajiye. Can ta naɗe maraƙar a bargo, ta sa ta cikin kwando ta goya, ta karɓi igiyar yak ɗin daga hannun Lakpa Nuru.

A bakin gada yak ɗin ya toge. Gadar na lilo, ruwa na ruri a ƙasa. Ta ja, ta yi masa fito, ta zage shi, ta zagi wanda ya aiko shi. Sai da ya ga dama ya taka. Duk tsawon gadar tana jin numfashin maraƙar a ƙeyarta, in ya ɗan ɗauke sai ta girgiza kwandon.

Ta tarar da Ang Doma tana tsince dankali a ƙofar gida. Ang Doma ta dubi yak ɗin, ta dubi mai janye da shi.

"Wanne daga cikinku ya zo wurina?"

Da Futi ta durƙusa. Ta sauke kwandon ta buɗe bargon.

Ang Doma ta daɗe tana kallo. Ta share hannu a gaban zanenta ta shige ɗaki, ta fito da gishiri cike da tafin hannu. Su biyu suka jiƙa shi suka shafe bayan maraƙar, suka kai ta gaban nak ɗin. Nak ta shinshina, ta yi gurnani, ta sa ƙafa ta ture ta.

"Riƙe mata ƙaho," in ji Ang Doma. "Ke ai ƙarfi gare ki, ba a baki kaɗai ba."

Da Futi ta riƙe. Ang Doma ta matso nono a yatsa ta sa wa maraƙar, ta ja bakinta zuwa hantsa. Sau uku tana saki. A na huɗu ta kama, jelarta ta fara kaɗawa a hankali. Bayan wani lokaci nak ta juyo da kai ta lashi gishirin.

"Ki riƙe yak ɗin, ki ba ni nak ɗin," in ji Da Futi.

"Ba na musanya. Maraƙa ta zauna nan har ta fara cin ciyawa. Wannan ƙaton kuma ya kai mini dankali kasuwa, tun da ba ni da mai kai mini." Ta koma kan dankalinta. "Shayi yana ciki in za ki sha."

Da Futi ta sha a tsaye. Ba wadda ta ta da maganar bikin.

Da ta kama hanyar gida hannu wofi, sai ta ji bayanta ya yi sakayau, har tafiyar ta zame mata wani iri. Ta ƙetare gada, ta tsaya. Ta tuna ba ta duba ko garken Ang Doma yana da rufi ba, ga shi damisar ba ta yi nisa ba. Ta yi taku goma wajen gida, sannan ta juya ta sake hawa gadar.