Yadda Zulaihatu Ta Koya wa Gero Mutuwa

A shekara ta biyu da damina ta yi gardama a ƙasar Gobir, Zulaihatu tana aiki a wani shagon buga takardu da ke bakin kasuwar Isa. Shagon na Alhaji Attahiru ne, ɗan kasuwa mai kai kaya Maraɗi yana dawowa da wasu. Shi ya kafa sola a rufin, ya ajiye kwamfuta ɗaya da injin bugawa da kwafin takardu, ya damƙa mata wurin saboda ta yi karatun kwamfuta na shekara biyu a Sakkwato.

Da bazarar wannan shekarar 'yarta Habi ta rasu, tana da shekara biyu da 'yan watanni. Zazzaɓi ne da gudawa na kwana huɗu. Mijinta Jibrilla yana can wajen haƙar zinariya bayan Agadas, sai da aka yi sadakar bakwai labari ya kai masa. Matan da suka zo ta'aziyya sun yi ta yaba haƙurin Zulaihatu, domin ko hawaye ba a ga ta yi ba. Ita dai ta san ba haƙuri ba ne. Ta duba cikin ranta ne ba ta tarar da komai ba. Tana cin abinci in an ba ta, tana salla a kan lokaci, tana buɗe shago da hantsi.

Aiki ya yi ƙaranci, don mai neman abin sawa a tukunya ba ya buga takarda. Wani wunin mutum biyu kaɗai ke leƙowa. A cikin wannan zaman ne ta ci karo da wani wasan noma a cikin kwamfutar, wanda mai ita na farko ya bari. Gona ce shimfiɗaɗɗiya, kore shar. Ka danna nan ka yi shuka, bayan kwana uku na wasan, ruwa ya sauka, hatsi ya tashi, ka girbe, ka sake. Ta yi mako biyu tana shuka tana girbi. Daɗi ba ta ji ba, amma yana kai ta la'asar.

Wata rana injin bugawa ya ƙi aiki, ta kira Maryamu, mai gyaran waya da kwamfuta a Maraɗi, wadda a hannunta Alhaji ya sayi kayan. Da suka gama da injin, Maryamu ta ji ƙarar ruwan wasan ta cikin waya, ta yi dariya.

"Ke ma kin faɗa gonar nan? Kin san ana buɗe cikinta a canza abin da anka so?"

"A canza kamar mi?"

"Komi. Launi, ƙasa, yawan hatsi. Mi kike so ki canza?"

Zulaihatu ta dubi allon. "Ruwan," in ji ta.

Maryamu ta turo mata saƙon murya mai tsawo. Ta ce ta buɗe dosiye kaza, wato jakar fayiloli, ta fara kwafe komai ta ajiye gefe kafin ta taɓa, sannan ta nemi layin da ke da kalmar ruwan sama. Zulaihatu ta same shi. Kalma ɗaya ce, a gabanta lamba uku. Ta goge ukun ta sa sifili, ta ajiye, ta kunna wasan.

Ruwa bai sauka ba. Kwana goma na wasan suka wuce, ashirin suka wuce, sama fayau. Hatsin kuwa ya ci gaba da tashi, ya yi kai, ya nuna, yana jiran girbi.

Ta sake kiran Maryamu. "Na ɗauke ruwan, amma hatsin bai mutu ba."

"To ai waɗanda sunka yi wasan ba su rubuta mishi mutuwa ba. Ruwan ado ne kawai. In kina so shi mutu, sai ki rubuta da hannunki."

"Ban iya ba."

"Ni ma da ban iya ba. Za ni turo miki darasi."

Haka ta fara. A makaranta buga wasiƙa da jera lissafi aka koya mata, ba ta taɓa rubuta wa kwamfuta umarni ba. Darussan Maryamu rabi Hausa ne rabi Faransanci, sai ta saurara sau uku tana rubutawa a bayan takardun da suka lalace. Ta koyi yadda ake ware wuri a ajiye lamba, da yadda ake cewa in abu kaza ya faru a yi kaza. Ranar farko wasan ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, ta wuni tana nema, ashe waƙafi ɗaya ta manta. Da ta gyara wannan, sai hatsin ya riƙa mutuwa tun kafin ya tsira, domin ta musanya alamar "ya fi" da ta "bai kai ba". Ba ta yi tsaki ba. Ta goge ta sake. Bayan kwana tara ta samu abin da take nema: in aka yi kwana goma ba ruwa, gonar ta koma launin ƙasa gaba ɗaya.

A wannan makon mahaifinta, Malam Labbo, ya iso daga Kamarawa. Manomi ne kuma makiyayi, ɗan shekara sittin da wani abu. Sau uku ya yi shuka a daminar, sau uku ta ƙone. Shanun da suka rage masa ya haɗa su da na ƙanensa an yi kudu da su, shi kuwa ƙafarsa ba za ta iya wannan tafiyar ba. Ya zo da buhu ɗaya da sandarsa, ya sauka a zauren gidan da take haya. Ba ya magana sai gaisuwa. Da yake zaman gida ya ishe shi, sai ya riƙa biyo ta shago, ya zauna a benci kusa da ƙofa yana kallon masu wucewa.

Kwana uku yana jin ta tana danne-danne bai tambaya ba. A na huɗu ya juyo, daidai lokacin da gonar allon ta sauya launi.

"Mi ne wanga?"

"Wasa ne, Baba. Gona ce. Ina gwada yadda gero ka mutuwa in babu ruwa."

Ya daɗe yana kallo. Ta ɗauka faɗa zai yi, cewa mace da girmanta tana wasan yara.

"Ba haka shika mutuwa ba," in ji shi.

"Yaya shika yi?"

Ya jawo bencin kusa. Ya ce gero ba ya bushewa rana ɗaya. Da fari ganyen kan naɗe da tsakar rana kamar an murza shi, da safe ya buɗe. Yakan yi kwanaki a haka. Sannan koren ya dushe ya koma kamar an barbaɗa masa toka. Sai wata safiya ka zo ka tarar bai buɗe ba. Ganyen ƙasa ke fara tafiya, na sama ya biyo baya. Ya faɗi duk wannan da murya ɗaya, kamar mai ba da kwatancen hanya.

Ta ɗauki biro. "Kwana nawa kafin shi fara naɗewa?"

"Wane geron? Wanda yat tsira jiya, ko wanda ya kai gwiwa?"

Ba ta taɓa tunanin wannan ba. Ya ce ɗan tsiro mako guda ya ishe shi. Wanda ya kafa saiwa yakan jure har mako uku, in ruwa ya zo ya farfaɗo kamar ba a yi ba. Mafi muni shi ne ruwa ya ɗauke lokacin da geron ya yi ciki. Karan zai tsaya da tsawonsa, kan ya fito, ka murza ka tarar babu ƙwaya ko ɗaya.

Aikin ya ninku. Yanzu sai kowane tushe ya san shekarunsa, ya kuma san kwanakin ƙishinsa. Hoton gero ɗaya ba zai isa ba, sai biyar. Maryamu ta nuna mata wata manhaja da ake ƙera siffar abu da ita, ana jan ɗigo-ɗigo har ganye ya fito. Ganyen farko da Zulaihatu ta ƙera ya fi kama da takobi. Malam Labbo ya duba ya girgiza kai, ya fita bayan kasuwa, ya dawo da busasshen tushen gero ya ajiye mata a kan tebur. Ta yi kwana shida tana kallonsa tana jan ɗigo.

Da aka gama da ganye, ya ce ƙasar ma ba daidai take ba.

"Ina kinka taɓa ganin gona kamar tabarma? Ina tudu, ina kwari?"

Ta koyi ɗaga ƙasa da sauke ta. Ta yi jigawa a gefe ɗaya, ta gangaro da ita zuwa fadama. Ta rubuta cewa fadama ta riƙe danshi kwana goma fiye da tudu. A gwajin farko geron fadamar ya nutse cikin ƙasa, kawunansa kaɗai ake gani, na tudu kuma yana reto a iska. Malam Labbo ya yi wani ɗan sauti ta hanci. Ba ta tabbata dariya ba ce, ba ta kuma juya ta duba ba.

Suka yi wata guda a haka. Ba su taɓa zancen gonarsa ta Kamarawa ba, ba su taɓa zancen Habi ba. Jibrilla ya kira sau ɗaya, ya tambaye ta mi take ciki, ta ce aiki. Alhaji Attahiru ya leƙo ranar kasuwa, ya ga tushen gero a kan tebur, ya dubi tsohon ya dubi allon, ya ce Allah ya kyauta, ya wuce.

Abu na ƙarshe da ta sa shi ne ruwan. Ta mayar da shi, amma ba kowane kwana uku ba. Maryamu ta koya mata yadda kwamfuta ke jefa ƙuri'a, ta yadda ko wanda ya rubuta umarnin bai san ranar da zai sauka ba.

Ranar wata Laraba bayan azahar ta tashi daga kujerar.

"Baba, ku zo ku gwada."

"Ni ban san kan abin ga ba."

"Nan kawai za ku danna. Wanga shuka, wanga jira."

Ya zauna a bakin kujerar, ya ɗora yatsa ɗaya. Aka yi ruwan fari, ya shuka tudu da fadama. Gero ya tsira. Kwana bakwai ba ruwa, na tudu ya naɗe, ya yi toka-toka, ya kwanta. Na fadama ya kai gwiwa, ya yi ciki, ruwa ya ɗauke. Kawuna suka fito, wasan ya rubuta sifili a wurin girbi.

Malam Labbo ya kalli allon har geron ya gama bushewa.

"Haka ne," in ji shi. Can ya ce, "Ana sakewa?"

"Ana sakewa. Ku danna nan."

Ya sake. Ta koma bencinsa ta zauna tana kallon ƙeyarsa. A karo na biyu komai ya ƙone tun yana tsiro. A na uku ya ƙi shuka da ruwan fari, ya jira na biyu, ya bar tudu ya shuka fadama kaɗai, ya samu dami huɗu. Ya sake dannawa. Har aka kira la'asar yana nan, sai da batirin sola ya fara kuka ta ce masa lokacin rufewa ya yi. Ta jira ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, ko daɗin gama aiki ko kishiyarsa. Abin da ta ji kawai yunwa ce, ta tuna ba ta ci komai ba tun safe.

Bayan kwana biyar saƙo ya zo daga ƙanen nasa cewa sun sami wurin zama a kudu, akwai ciyawa, ya biyo su a mota. Zulaihatu ta raka shi tasha da hantsi, tana riƙe da buhunsa. Ya sami wuri kusa da taga. Ta yi masa Allah ya kiyaye hanya, ya amsa. Direba ya tada mota, sai Malam Labbo ya leƙo ta taga.

"Kin manta tsuntsaye."

"Wane tsuntsaye, Baba?"

"Jan-baki. Shekarar da tudu ya ƙone, duk fadama suka sauka. Wanda ya samu dami huɗu, biyu za shi kai gida. Ki sa su."

"To, Baba."

Motar ta fita. Ta koma shago, ta buɗe ƙofa, ta share gaban wurin. Ta aika wa Maryamu saƙo tana tambayar yadda ake sa abu ya tashi sama, kuma ba ɗaya ba, ɗaruruwa. Maryamu ta amsa cewa ita ma ba ta taɓa yi ba, amma za ta tambaya. Zulaihatu ta buɗe sabon fayil, ta rubuta masa suna, ta zauna tana kallon farin shafin.

Wata mata ta shigo da katin asibiti a hannu, ta ce kwafi biyu take so, gaba da baya. Zulaihatu ta tashi ta kunna injin.