Muryar Sauro

Mai zarto bai kurmance rana ɗaya ba. Da haka ne ma da sauƙi, da kowa ya sani, an yi masa jaje an wuce wurin. Kaɗan-kaɗan abin ya riƙa cin sa, yadda gara ke cin katako, waje lafiya lau, ciki fayau. Tun yana saurayi yake tsayuwa a gaban injin yanka katako daga safe har la'asar, ƙarar nan tana sukar kunnensa. Ko ya dawo gida ba ta barin sa, wani siririn kuka ne ya tare a cikin kansa, da shi yake kwana da shi yake tashi.

Abin takaicin kuma, ba duk sauti ne ya tafi ba. Muryar maza yana kama ta in mutum na fuskantarsa. Ta matarsa rabi da rabi. Siraran sautuka ne suka fara tattara nasu ya nasu: kukan tsuntsu, ƙarar cokali a kwano, muryar yara. Ga shi Allah ya ba shi 'ya'ya mata biyu, kuma ƙaramar, 'yar shekara huɗu, shi da bakinsa ya laƙaba mata Sauro, saboda siririyar muryarta da rashin barin kunnen mutane ya huta. Yanzu Sauro kan tsaya a gabansa tana zuba kamar kanya, shi kuwa ban da motsin baki ba abin da ke isowa gare shi.

Bai gaya wa kowa ba. A wurin aikinsu doka ce, wanda ba ya jin kira ba ya tsayuwa kusa da zarto, don in katako ya ƙwace, ihu ne kaɗai ke ceton hannun mutum. A gabansa aka sallami wani dattijo a kan haka, aka ba shi haƙuri, ya fita da kwanon abincinsa a hammata. Shi kuma shugaban ma'aikatan, wanda suke ce wa Shugaba, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na mai zarto. In maganar ta fita daga ɗaki, to ta isa wurin aiki ke nan, in ta isa wurin aiki kuwa tukunyar gidan ta sauka.

Saboda haka ya ƙware a amsa abin da bai ji ba. Sauro ta zo ta yi ta surutu, ya gyaɗa kai ya ce, "To, to." In ta zare ido ya ce, "Kai, haka aka yi?" In ta yi dariya ya taya ta. Yarinya ta tafi da murna, ai Baba ya fi kowa sauraron ta.

Matarsa ce dai ba ta ruɗuwa da wuri. Tela ce, mai shago a bakin titi, idonta ya saba gano inda zare ya tsallake.

"Baban yara, tun ɗazu nake yi maka magana."

"Ke ce kike magana ciki-ciki kamar mai ƙulla munafunci."

Sau ɗaya ta ce ko zai je a duba masa kunnen. Ya ɗaure fuska, ya ture kwanon abinci, ya ce ita kurma ta aura ashe bai sani ba. Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba. Girman kai rawanin tsiya, shi kuwa ya naɗa nasa ya kai har gira.

Ranar hutu tasa ce da 'ya'yansa, don uwar takan tafi shago. Babbar, 'yar shekara bakwai, Alƙaliya ake ce mata, saboda ko wasan 'yar tsana ake yi sai ta kafa doka ta yanke hukunci. Sukan yi masa kitso a ɗan gashin da ya rage masa, su dafa masa miyar ƙasa a murfin kwalba ya ce bai taɓa cin mai daɗinta ba, su hau bayansa ya zama jaki. Amma duk cikin wasannin ba wanda yake so kamar ɓuya, don shi ne kaɗai wasan da shiru ke cikin dokarsa. Sai dai akwai wuri ɗaya mai wuya: in sun gama ɓuya sukan ce, "Baba, ka zo," shi kuwa ba ya ji. Don haka in ya rufe fuska da tafin hannu yakan bar 'yar kafa tsakanin yatsu, ya ga inda kowacce ta nufa. Sannan ya yi ta ɓata lokaci, ya leƙa cikin tukunya, ya girgiza takalmi yana cewa, "Sauro, ko nan kika shige?" har dariya ta tona musu asiri.

Ran nan Alƙaliya ta kama shi. Ta zo gabansa ta riƙe ƙugu, yana kallon bakinta.

"Baba, maguɗi kake yi. Na ga idonka."

"Ni? Allah ya kiyaye."

"To yau ɗaure ka za mu yi."

Ta ɗauko tawul ta ɗaure masa ido tamau, ta juya fuskarsa ga bango. Ya so ya yi gardama, amma da wane dalili? Ya tsaya cikin duhu, ba gani ba ji, sai kukan nan na cikin kansa. Bai san ko sun kira ba, bai san ko ba su kira ba. Tsoron kada ya kwance da wuri a sake cewa ya yi maguɗi ya sa ya daɗe a tsaye, har gumi ya jiƙa tawul ɗin.

Da ya kwance tawul ɗin, tsakar gida wayam. Rana ta take, ko kaza ta nemi inuwa. Ya duba ɗakin kwana, ya duba bayan labule, ya zaga baya. A can ƙarshen gidan akwai wani ɗan sito mai rufin kwano, inda ake jibge tarkace: tsohon keke, buhun gawayi, da wani akwatin ƙarfe da ake ajiye tsofaffin barguna. An hana yara shiga saboda kunama. Ya tarar da ƙofar a buɗe kaɗan.

Ya shiga. Zafi ya buge shi kamar an buɗe tanda. Ya ce, "Sauro? Alƙaliya?" Ya tsaya yana dube-dube, ya leƙa bayan buhu. Idonsa ya sauka a kan akwatin, ya ga marfin a rufe, ƙarfen da ake saƙala kwaɗo ya faɗa kan ƙugiyarsa. Abin da ake rufewa ta waje, wa zai shiga ya rufe kansa? Ya juya ya fita, ya ja ƙofar, ya sa sakata yana mitar wanda ya bar ta a buɗe.

Sai daga baya ya san cewa Sauro tana ciki. Ta shige tsakanin barguna, ta ja marfin, ƙarfen ya faɗa da kansa. Wurin ya matse ta, ko hannu ba ta iya ɗagawa ta buga, murya kaɗai gare ta.

Ya sami Alƙaliya a bayan duron ruwa a zaure, har ta fara gyangyaɗi. Suka shiga neman ƙaramar tare, da fari da wasa.

"Sauro, fito, kin ci. Baba ya sallama."

Suka duba ƙarƙashin gado, suka duba banɗaki, suka zazzage kwandon wanki. Alƙaliya ta ja masa riga ta nuna bayan gida, ya gane sito take nufi.

"Na duba can. Har na kira, ba ta ciki."

Daga nan wasa ya ƙare. Ya ga ƙofar waje ba a rufe take sosai ba. Ya fita ba takalmi, ƙasa na ƙona masa tafin ƙafa. Ya tambayi mai shagon kusurwa, ya tambayi mai gyaran babur, ya tare yara masu buga ƙwallo. Suna ba shi amsa, yana kallon bakunansu, rabi yana tsinta rabi yana zubewa. Ya leƙa kwalbati, ya leƙa wani kango, ya tsaya a bakin babban titi yana kallon motoci suna wucewa. Maƙwabta suka fito. Shugaba ya tayar da babur ɗinsa ya shiga zagaya layuka. Kowa ya bazu waje, gidan ya zama ba kowa, inuwa ta fara tsawo.

Wani ya je ya gaya wa uwar. Ta iso da gudu, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta tsaya daf da shi, ta kama haɓarsa ta juyo da fuskarsa, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

"Ina da ina ka duba a cikin gida?"

Ya lissafa mata.

"Sito fa?"

"Na shiga. Na kira ta."

"Ka kira," in ji ta. "Wa ya saurara maka?"

Ta sake shi ta shige. Ya bi ta, jikinsa ya riga ya gaya masa. Ta zare sakata, ta tsaya tsak a bakin ƙofa ta karkata kai. Ya ga lokacin da fuskarta ta sauya, ta ji wani abu, shi kuwa ko alama. Ta faɗa kan akwatin ta fizge marfin.

Sauro na naɗe a ciki kamar ƙullin wanki, jiƙe sharkaf, leɓɓanta sun bushe sun yi fari, ido a lumshe. Uwar ta ciro ta, kan yarinyar ya langaɓe. A gefen akwatin, can ƙasa, akwai wata 'yar huda da tsatsa ta ci, nan ta manna fuskarta, har shatin wurin ya fito a kumatunta.

Shugaba ya ɗauki uwa da 'ya a babur. Mai zarto ya bi su a ƙasa, yana jan Alƙaliya da ke kuka tana cewa ita ce ta ɗaure Baba. Wannan kam ya ji, don kusa take kuma da ƙarfi take faɗa.

A ɗan asibitin unguwa aka sa wa yarinyar ƙarin ruwa, aka yi ta goga mata jiƙaƙƙen tsumma. Nas ta ce da ba don hudar nan ba, da wani zancen ake yi. Ɗakin ƙarami ne, gado biyu, fanka na juyawa a kasalance. Uwar na zaune a bakin gado, Alƙaliya ta lafe a jikinta. Shugaba na tsaye a bakin ƙofa da makullin babur a hannu, ya ƙi tafiya sai ya ga ta farfaɗo. Mai zarto ya durƙusa a ƙasa, ƙafafunsa duk sun yi bororo, bai ma sani ba.

Rana ta kusa faɗuwa ta buɗe ido. Ta dubi uwarta, ta dubi rufi, sannan ta dube shi. Ba ta miƙo hannu ba. Bakinta ya motsa. Muryar ta dushe saboda kira, ko mai lafiyar kunne sai ya sunkuya.

Kansa ya fara gyaɗuwa da kansa, "to, to" ɗin nan ta zo masa har baki. Ya haɗiye ta. Ya dubi matarsa, kunya kamar ta kashe shi.

"Me ta ce?"

Matar ta dube shi. Sannan ta faɗa a hankali, tana buɗe baki sosai don ya gani.

"Ta ce ta ga ƙafarka ta hudar. Ta ce ta yi ta cewa ga ni, Baba, ga ni, ka fita ka kulle ta. Tana tambaya me ta yi maka."

Ya san Shugaba na bayansa, ya san abin da zai biyo baya gobe da safe a bakin injin, ya san kwanon abincinsa ne zai koma hammata. Ya matsa da gwiwa ya kama ƙarfen gadon.

"Ba ki yi mini komai ba, uwata. Ban ji ki ba ne. Kunnena ya mutu. Na daɗe ba na jin muryarki, ko kaɗan ba na ji."

Da ƙarfi ya faɗa, yadda kurame ke yi, har matar da ke ɗaya gadon ta juyo. Da ya waiga, Shugaba ya sunkuyar da kai yana juya makulli a hannu. Aikin ya tafi, mai zarto ya haƙura da shi, in dai yarinyar nan za ta san ba da gangan ya yi ba.

Sauro ta zuba masa ido. Bakinta ya sake motsawa, gajeriyar magana. Wannan karon uwar ce ta kau da kai, hawaye ya zubo mata.

"Gaya mini," in ji shi.

"Bar shi, Baban yara. Yarinya ce."

"Don Allah gaya mini."

Ta share fuska da bakin mayafi.

"Ta ce ƙarya kake yi. Ta ce kullum in ta ba ka labari kana amsa mata."

Ya kai hannu zai taɓa ƙafarta, yarinyar ta janye ta cikin zani, ta juya fuskarta ga bango.