Ƙwayar Malam Labaran da ta Chike

Malam Labaran tsohon direban tirela ne, Chike kuma mai shagon kayan lantarki, katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Tudun Wada. A Zariya aka haifi Chike, in yana Hausa sai ka waiwaya kafin ka gane Inyamuri ne. Sun daɗe suna gardama kan komai, har Allah ya haɗa su a layin asibiti da ciwo iri ɗaya: sankarar furostet, ɗan ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Su biyun an yi musu allurar danne sinadarin maza shekaru, ta yi aiki, daga baya ciwon ya daina jin ta.

Likitarsu, Dakta Naja'atu, ta ba su labarin gwajin wani sabon magani. Ta ce kowa zai ci gaba da maganinsa na da, sai a ƙara masa wasu ƙwayoyi. Na wasu na gaske ne, na wasu kamanni ne kawai, babu komai a ciki.

"To ni wanne za ki ba ni?" in ji Labaran.

"Ban sani ba, Baba. Kwamfuta ce ta raba."

"Ke likita ba ki sani ba?"

"Wallahi ni ma an ɓoye min. Da haka ake gane ko maganin na aiki."

Ta gargaɗe su cewa na gasken kan sa gajiya, tashin zuciya, ko abinci ya canza a baki. Suka amince, kowa ya karɓi kwalbarsa.

Ba a yi sati ba Labaran ya leƙo ta katanga yana washe baki. "Chike! Miya ta mutu a bakina! Jiya na sha kuka kamar ruwan wanki. Alhamdulillahi!"

Chike, da ya tashi da kwanon doya cike bai bar ko loma ba, ya ji hankalinsa ya tashi. Ya wuni a shago yana sauraron cikinsa. Shiru. Ya hau bene ya sauko ko zai gaji, bai gaji ba. Labaran kuwa kullum sai ya zo ya zauna a bencin shagon yana nishi da gangan, yana ba shi haƙuri. "Kada ka damu, ai ku ma kuna taimakon ilimi."

Daɗin bai daɗe ba. Wata rana matar Labaran, Hajo, ta ji shi yana yi wa masu acaɓa bayanin mutuwar miya, ta tsaya da tsintsiya a hannu. "Malam, ai gishiri da magi na daina sa maka, saboda hawan jininka. Tukunyarka daban nake yi."

Chike ya yi dariya har ya kifar da kwalin ƙwan lantarki. Kwana kaɗan shi ma ya zo da ƙaiƙayi a wuya, yana nuna wa kowa, sai matarsa Euphemia ta ce sabon sabulu ta saya.

Daga nan suka yanke shawarar bincike da kansu. Da hantsi suka zauna a zauren Labaran, kowa ya ciro ƙwayarsa ta ranar, suka ajiye a faranti, ta Labaran a dama, ta Chike a hagu. Suka sunsuna. Suka ɗaga a rana. Chike ya ɗauko tocila da ƙaramin gilashin da yake duba wayoyi da shi. Farare ne, dogwaye, ba su da bambanci ko na ƙwayar zarra.

"Juyo farantin in ga taka da kyau," in ji Labaran.

Chike ya juya. Labaran ya sake juyawa. Sai ga tunkiyar Hajo ta kutso zauren a guje, ta bangaji kujerar da farantin ke kai, ƙwayoyin suka gangara suka haɗu a tsakiya.

Suka sunkuya kan farantin.

"Wannan ce tawa," in ji Chike.

"Da me ka gane?"

"Ta fi kama da ni."

Labaran bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon farantin, sannan ya ce a hankali, "Ka shanye duka biyun. Ciwonka ya kai ƙashin baya, nawa bai kai can ba. Ko wacce ce ta gasken, ta shiga cikinka."

Chike ya kau da kai yana share ido, ya ce hasken tocilar ne ya shiga masa ido. Hajo, da ta biyo tunkiyarta, ta ɗauke farantin gaba ɗaya ta kira Dakta Naja'atu a waya.

"Kada kowa ya sha!" Muryar likitar har zaure. "Ku kawo min su. Baba, in kuka sake haɗa magani, cire ku za a yi. Kuma wa ya ce muku dole ɗaya na gaske ne ɗaya ba na gaske ba? Ta yiwu iri ɗaya kuke sha ku biyun."

Labaran ya dubi Chike. Wannan bai taɓa faɗo musu ba.

Tun daga ranar kwalbar Labaran ta koma hannun Hajo, ta Chike hannun Euphemia, kowa sai ya buɗe baki an duba ya haɗiye. Bayan wasu watanni awon jinin Labaran ya nuna ciwon ya tsaya cak, na Chike kuwa ya ci gaba, aka fitar da shi daga gwajin aka fara masa ƙarin ruwan kemo, maganin sankara mai ƙarfi. Gashinsa ya zube. Labaran ya hau adaidaita sahu har kasuwa ya sayo masa hula zanna, ta yi masa yawa, tana sauka har gira. Chike ya ce ya yi kama da mai unguwa, ya ƙi yarda a rage ta, da ita yake zuwa coci.