Auta Za Ta Duniyar Mas

Umma na durƙushe da allurai uku a baki, tana kama gefen rigar matar mai kemis, Auta ta shigo shagon ta ce an ɗauke ta.

"Aiki ko aure?" in ji Umma ta gefen baki.

"Gwajin nan da na gaya miki, Umma. Na zuwa duniyar Mas."

Matar mai kemis ta juyo da sauri, allura ta soke ta a ƙwauri.

Auta ita ce ƙaramar 'yar Umma, injiniya ce a wata cibiyar binciken sararin samaniya. Ta zauna kan buhun ƙyallaye ta yi musu bayani. Ba tashi za su yi ba. Rufe su za a yi su shida a wani gini mara taga, wata takwas, a ga ko ɗan Adam zai jure irin wannan doguwar tafiya ba tare da ya shaƙe abokin zamansa ba. Babu waya. Saƙo ma da gangan za a riƙa jinkirta shi minti ashirin.

"To ke mene ne naki a ciki?"

"Injin ruwa. Duk abin da ya fita daga jikinmu, gumi da fitsari, shi zai tace mu sake sha."

Umma ta zare alluran daga bakinta ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara shida ina taka keken nan kina jami'a, ashe shan fitsari kike koyo."

"Ya fi na famfonmu tsabta."

"Wannan ba abin alfahari ba ne."

Matar mai kemis, tana murza ƙwauri, ta tambayi yaushe za a yi tafiyar ta gaske. Auta ta ce manyan ba su daidaita ba tukuna. Wasu sun ce a fara kafa sansani a duniyar wata, wasu sun ce a miƙe Mas kai tsaye, wasu kuma sun ce a bar mutane a gida a tura na'urori, su ba sa cin abinci, ba su kuma da iyaye.

"Na ƙarshen nan su ne masu hankali," in ji Umma. "Ba a san tashar da za a sauka ba, har an fara lodin fasinja."

Da matar ta tafi, Auta ta ciro takarda daga jaka. Sai dangi na kusa ya sa hannu.

"Sai dai aikin da za a yi miki nake tunani," ta ce. "In kin ce kada in je, na fasa. Akwai mai jiran wurina."

Bayan wata biyu za a cire wa Umma ƙari a ciki. Ta gaya wa 'ya'yanta ƙaramin aiki ne. Likita bai ce haka ba. Ita ce ta ƙara wannan kalmar a hanyar dawowa gida.

"In an ce a tafi da gaske, za ki?"

"Zan tafi."

"Ki samo me?"

"Ban sani ba, Umma. Shi ya sa nake so in je."

Umma ta dube ta. Tun tana ƙarama haka take amsa tambaya, ko ranar da ta kwance agogon bango ta kasa mayarwa.

Umma ta sa tabarau ta bi takardar da yatsa. Kusa da ƙasa akwai tambaya: idan wani mummunan abu ya faru a gida kafin a kammala gwajin, a sanar da ita? Ga gurbin i, ga na a'a.

"I za ki zaɓa," in ji Auta. "Na gaya musu ko mura kika yi, a buɗe min ƙofa."

"Na ji. Shigo min da kayan da ke rataye a waje, hadari ya taso."

Auta ta fita. Umma ta sa alama a gurbin a'a, ta danna biron sosai don kada a yi shakka. Ta sa hannu, ta ninke takardar cikin ambulan, ta lashi bakinsa ta liƙe.

Auta ta dawo rungume da riguna.

"Har kin rufe?"

"Na rufe. Matsa min daga haske, rigar nan gobe za a zo karɓa."