Kafar Bututun da Fawwaz Ya Toshe

Da dusar ƙanƙara ta hana motar dizal hawowa ƙauyensu a Lebanon, Fawwaz ya kwance murhun mahaifiyarsa mai aiki da dizal, ya kawo mata na gas.

"Wannan ba ya hayaƙi, Umma, ba ruwansa da bututu."

"Ɗumin ma ba ruwansa da shi," in ji ta. "Numfashin kyanwa ya fi shi."

Sai ya toshe kafar tsohon bututun da tsumma, ya tafi sharar hanya. Bai san murhun gas iskar ɗaki yake shanyewa ba.

Da azahar ya dawo, ya tarar tsuntsunta ya mutu a keji. Ita kuwa tana zaune cikin bargo, kai a sunkuye.

Ya fizge tsumman, ya kira ta har sau uku. Ba ta amsa ba.