Awarar Kwang-il

Da safe na biya wurin Inna Bok-rye mai awara. Tun da aka kama ƙanena Kwang-il ba ta ƙara amsa gaisuwata ba.

"Farar awara nake so, Inna, sabuwar yi."

"Au, yau za a sako shi ke nan? Kin fi alƙali sani?" Ta turo min ita da bakin wuƙa.

A nan Koriya ta Kudu, wanda ya fito daga kurkuku ɗanyar awara ake fara ba shi, ya gatsa don kada ya koma. A ƙauyenmu na Koriya ta Arewa ban san haka ba. Bayan mun tsallako na koya, kamar yadda na koyi lanƙwasa harshena a cikin bas don kada a gane daga inda na fito. Ranar da na ziyarci Kwang-il a gidan yari har tsokanata ya yi.

"Yaya, in za ki kawo, ki soya ta da yaji. Ni ba akuya ba ne."

An tsinci gawar maigidansa, Byeon, a ɗakin shanya kifi, shi kuma Kwang-il ne ya kulle ƙofa ranar. Iyakar shaidar ke nan. Sauran kuwa, yau a kotu lauyan gwamnati ya cike shi da bakinsa: wai kowane ɗan Arewa an koya masa kisa a soja, wai a dubi fuskarsa, ko ɗigon hawaye babu. Ina zai samo hawaye? Inda muka tashi, mutumin da fuskarsa ke nuna abin da ke ransa ba ya tsufa. Mutanen garin da aka zaɓo su yanke hukunci suna ta gyaɗa kai, sannan suka shige ɗaki aka rufe.

Na zauna a bencin barandar kotu. Dangin mamacin sun cika ɗaya gefen, wasu ma a tsaye, amma benci nawa ba wanda ya raɓa. Zafi ake yi, ledar awarar tana ta ɗiga a cinyata. Matar Byeon ce ta fara gane abin da ke ciki.

"Jama'a, ku ga ikon Allah! Mijina na cikin ƙasa, ita ta zo da awarar murna!"

Ashe a ƙofar kurkuku ake kai ta, bayan komai ya ƙare. Rabin al'adar na koya, ba ni da wanda zai gaya min sauran. Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya fi kunyar, don ba ni da kowa a duniya sai yaron nan.

Da la'asar aka kira mu. Mai gadi ya tare ni.

"Baiwar Allah, ba a shiga da abinci."

Na ajiye ta ƙarƙashin benci. A ciki, ko ɗaya daga cikin masu yanke hukuncin bai dubi Kwang-il ba, tun nan na sani. Suka ce ya aikata, alƙali ya bi su da ɗaurin rai da rai. Da za a fita da shi ya waigo, ya kalli hannuwana, ya ga babu komai. Ya ɗauka tun daga gida na cire rai.

Na koma benci. Awarar ta yi tsami har tana yauƙi. Mu da muka ga shekarun yunwa ba ma zubar da abinci. Na buɗe ledar na cinye ta tas.